Duk mai munshari majinyaci ne? Muhawarar da ta kaure a zaure

Direban Tirela: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau sai na amayar da abin da ke cikina. Shekara da shekaru ana ce min malalaci. A tasha yara na yi min dariya wai da na zauna kan benci sai gyangyaɗi. A gida uwar 'ya'yana ta naɗe shimfiɗarta ta koma ɗakin yara saboda munsharina. Mai motar da nake ja ya karɓe makulli, don yaron mota ya kai masa ƙara cewa barci ya fizge ni a kan sitiyari a hanyar Legas. To jiya na je ganin likita kan hawan jinina da ya ƙi sauka duk da magani. Ya tambayi yadda nake kwana, ya auna kaurin wuyana, ya ce da alama ciwon barci gare ni, numfashina ɗaukewa yake yi da dare ban sani ba, kuma sai an kwantar da ni dare guda an yi gwaji. Don haka wanda duk ya zage ni, marar lafiya ya zaga. Kuma duk mai munshari a zauren nan ya sani majinyaci ne, ya yarda ko bai yarda ba.

Mai Shayi: Subhanallahi. Allah ya ba da lafiya Alhaji, ya mayar maka da aikinka.

Ɗan Anchau: Allah ya sawwaƙe ɗan'uwa. Amma ka janye kalmar nan ta ciwon barci, ba ka san abin da kake kira wa kanka ba. Ciwon barci ƙudan tsando ke kawo shi. Zazzaɓi ne, da kumburin kaluluwa a bayan wuya, daga nan mutum ya rikice, rana barci dare ido biyu, in ba a yi magani ba sai kabari. Mu muka san shi. A shekarun 1930 ya ci mutanen ƙasarmu har sai da Turawa suka sare kurmin bakin rafuka, suka tashi jama'a, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Kakannina na cikin waɗanda aka tasa. Kai da munsharinka ka zo ka ce ciwon barci?

Direban Tirela: Yaya, abin da likita ya faɗa min na faɗa.

Ɗan Anchau: To likitan bai iya Hausa ba.

Ɗan Kwari: Ikon Allah. Yanzu ciwon ma sai an nemi izinin Zagezagi kafin a ambace shi? Mutum yana barci, barcin na cutar da shi, me za a ce masa in ba ciwon barci ba? Hausar Kano ce daidaitacciya, kuma a Kano duk abin da ya dami barci ciwon barci ne.

Ɗan Anchau: Hausar kasuwa dai. Je Kaduna ka ga cibiyar gwamnati sukutum da aka kafa don binciken ciwon barci da sammore. Ka shiga ka ce musu kana munshari ka ga ko za su kula ka.

Bazazzagiya: Gaskiya Yayanmu ya faɗa. Ba a wasa da sunan cutar da ta kashe iyayen mutane. Ku da ba ta taɓa ku ba shi ya sa kuke ganin abin wasa ne.

Ɗan Kwari: Wa ya ce miki ba ta taɓa ƙasar Kano ba? Kin ƙirga ne?

Bazazzagiya: Kai ka ƙirga?

Ɗalibin Likitanci: Iyayena ku yi haƙuri in sa baki. Baba Ɗan Anchau ya yi daidai, cutar ƙudan tsando daban take, kuma alhamdu lillahi ta ja baya sosai: tun 2018 waɗanda ake samu da ita a duniya ba sa kai dubu ɗaya a shekara, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar wa Gana a 2023 da Chadi a 2024 cewa ta daina zama barazana ga jama'arsu. Abin da aka yi wa Alhaji zato kuwa ɗaukewar numfashi ne a cikin barci. In mutum ya yi barci naman maƙogwaro na saki, harshe ya koma baya, hanyar iska ta tsuke. Kaɗawar naman nan ita ce munshari. In hanyar ta toshe ɗungurungum har daƙiƙa 10 ko fiye, iskar oksijin ta ragu a jini, sai ƙwaƙwalwa ta farkar da shi ya ja numfashi da ƙarfi ya koma, da safe bai tuna komai ba. A gwajin ana maƙala masa wayoyi a kai da ƙirji da yatsa, a ƙirga sau nawa hakan ke faruwa cikin awa guda. Daga 5 an shiga ciwon, 15 ya yi tsakiya, 30 zuwa sama ya yi tsanani. Wanda ake tasa sau 30 kowace awa ina ya ga barci? Shi ya sa yake gyangyaɗi da rana, shi ya sa hawan jini ke ƙin jin magani, kuma haɗarin shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya na ƙaruwa. Sai dai Alhaji, ba kowane mai munshari ne ke da shi ba. Da yawa munsharin ne kawai.

Direban Tirela: Kai ma ƙaryata ni za ka yi, yaro?

Ɗan Anchau: Kun ji dai, ya ce na yi daidai.

Shugaban Zaure: Ni tun ina saurayi nake munshari, mahaifina ma haka yake har ya tsufa. Alamar gajiya ce da wadatar abinci. Namijin da ya wuni yana nema wa iyali dole ya ja numfashi da ƙarfi.

Uwargida: Ranka ya daɗe, kai ke munsharin, ba kai ke sauraro ba. A tambaye mu. Maigidana in ya fara kamar injin markaɗe, sai can ka ji tsit. Tsit ɗin nan shi ke tsinka min zuciya. Sai in zauna in zuba wa ƙirjinsa ido, in ga ya motsa ko bai motsa ba, sai ya zabura yana sarƙewa. Da asuba ya tashi da ciwon kai da busasshen baki ya ce ni ce mai ƙorafi. Abin da yaron nan ya bayyana shi nake gani kullum.

Mai Shayi: Hajiya, sirrin ɗaki kuma a zaure?

Uwargida: Na ambaci sunansa ne? Alhaji da ya ce matarsa ta ƙaura ɗakin yara ba ka ce ya tona sirri ba, sai ni da nake mace.

Bazazzagiya: Nan kam ina bayanki Yaya. Su yi ta ruri mu kwana a zaune, in mun yi magana a ce ba mu da kunya.

Shugaban Zaure: Ba zancen maza da mata muke yi ba. A kiyaye.

Malamin Islamiyya: Jama'a, abin da Hajiya ta faɗa na zabura da sarƙewa, ku lura, dannau ne. Mun san shi tun kafin a haifi masu wayoyin nan. Mutum na kwance a danne masa ƙirji, ya so ya yi ihu murya ta ƙi fita, ya ga inuwa a bakin ƙofa. Maganinsa alwala kafin kwanciya, Ayatul Kursiyyu, Falaƙi da Nasi, da kwanciya kan ɓarin dama kamar yadda sunna ta koyar.

Ɗalibin Likitanci: Allah ya gafarta Malam, dannau ma daban ne. Akwai matakin barci da ido ke ta motsi a ƙarƙashin fata, wanda Aserinsky da Kleitman suka gano a Jami'ar Chicago a 1953. A matakin nan aka fi yin mafarki, kuma jiki kan sandare don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake mafarki. In hankali ya farka jiki bai saki ba, shi ne dannau. Wani nazari na 2011 da ya tattara bincike masu yawa ya samu kusan mutum 8 cikin 100 sun taɓa yin sa, a ɗalibai kuwa 28 cikin 100, kuma ƙarancin barci na cikin abubuwan da ke janyo shi. Mai dannau ya san abin da ke faruwa da shi. Mai ɗaukewar numfashi bai sani ba. Amma kwanciyar gefe da Malam ya faɗa tana taimakon duka biyun, don kwanciyar rigingine ta fi kawo su.

Malamin Islamiyya: Wato kana nufin babu aljanu?

Ɗalibin Likitanci: Ban ce haka ba Malam.

Malamin Islamiyya: To me ka ce? Mutanen Chicago sun ga ido na motsi, sun ga wanda ya danne ƙirjin? Na'ura ba ta ganin gaibu.

Ɗan Kwari: Malam a yi masa adalci, yaron nan bai taɓa aƙida ba. Har goyon bayan sunnar ya yi.

Ɗan Anchau: Kai komai aka faɗa sai ka tsaya a ɗaya gefen. Shi yaron aji nawa yake ma? Likita ne ko ɗalibi? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Ɗan Kwari: Ɗazu da ya ce ka yi daidai ba ka tambayi ajinsa ba.

Jikan Wanzamai: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Beli ne ya yi masa tsawo. Alhaji ka zo a cire maka, minti biyar an gama, ba kwana a asibiti ba wayoyi.

Malamar Asibiti: Don girman Allah Alhaji kada ka je. Muna karɓar waɗanda aka yanke wa beli a gida suna zubar da jini, wasu da ciwon da ya ruɓe, ga haɗarin aska ɗaya a bakin mutane da yawa. Kuma toshewar ba a beli kaɗai take ba, akwai gindin harshe da kitsen wuya. Ko tiyatar da likitocin maƙogwaro ke yi a asibiti ba kowa take warkarwa ba. Abin da aka fi dogara da shi na'urar hura iska ce da ake kira Sipap, wadda Colin Sullivan ya ɓullo da ita a Sidni ta Ostireliya, aka wallafa aikinsa a 1981. Takunkumi ake sawa a hanci, iska na shiga a hankali ta riƙe hanyar a buɗe har safe. Sai rage ƙiba, da kwanciyar gefe. Kuma ka guji ƙwayar sa barci irin su diyazefam da ake saya a kemis ba takarda, ƙara sakin maƙogwaron take yi. Tuƙi kuwa ka haƙura da shi har a yi gwajin, akwai rayukan mutane a hanya.

Jikan Wanzamai: Sista, sana'ar kakannina kike zagi. Kafin a gina asibitinku wa ke yi wa mutane kaciya da ƙaho?

Malamar Asibiti: Ban zagi kowa ba. Abin da nake gani da idona na faɗa.

Direban Tirela: Wato ke ma kina bayan mai mota kenan. In na bar tuƙi ke za ki ciyar min da yara?

Mai Shayi: Ita na'urar da wace wutar za ta yi aiki? Unguwarmu sai a kwana a wuni ba a kawo ba. Sai dai mai sola da batir.

Ɗalibin Likitanci: Matsalar wuta da tsada gaskiya ce, kuma wuraren gwajin barci kaɗan ne a ƙasar nan. Amma abin ba ƙarami ba ne. A 2019 mujallar Lancet ta fannin numfashi ta wallafa ƙiyasin mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 a duniya na da shi, kuma Najeriya na cikin ƙasashe goma da suka fi yawa.

Shugaban Zaure: Wa ya biya kuɗin binciken?

Ɗalibin Likitanci: Kamfanin ResMed, masu ƙera na'urar. Amma ranka ya daɗe, tun 1993 an yi wani a kan ma'aikatan gwamnatin jihar Wiskonsin ta Amurka, aka samu maza 4 da mata 2 cikin 100 na masu matsakaicin shekaru suna da shi har da gyangyaɗin rana.

Shugaban Zaure: Shi kenan, ka gama magana. Masu sayar da na'ura su ne suka ƙirga marasa lafiya.

Ɗan Anchau: Kuma ko su ɗin ba su ce masa ciwon barci ba.

Ɗan Kwari: Da Hausa suka rubuta da za ka san abin da suka ce masa?

Bazazzagiya: Kai dai ka tsani Zariya ne kawai, ka fito ka faɗa.

Uwargida: Sista, ni dai in na samu ya yarda, wane sashe zan kai shi?

Malamar Asibiti: Ku fara da likitan da ke duba masa jini, ki shiga tare da shi ki faɗi abin da kike gani da dare. In kin iya, ki ɗauki sautinsa a waya har wurin da yake yin tsit. Daga nan za a tura ku wajen likitan ƙirji ko na kunne da hanci da maƙogwaro.

Mai Shayi: A ɗauki miji a waya yana barci? Wannan kuma wace tarbiyya ce?

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Ga abin da zaure ya tsayar. Na ɗaya, an tabbatar Malam Ɗan Anchau ne da gaskiya, ciwon barci na ƙudan tsando ne, Alhaji ya yi kuskuren suna, kuma ɗalibinmu da kansa ya amsa cewa ba kowane mai munshari ne majinyaci ba, don haka maganar da aka buɗe zaure da ita ta faɗi. Na biyu, alƙaluman da aka kawo na 'yan kasuwa ne masu neman a sayi kayansu, ba ma ɗaukar su hujja. Na uku, kowa ya riƙe addu'ar kwanciya da ɓarin dama kamar yadda Malam ya karantar, likitanci ma ya sallama da hakan. Batun beli an yi saɓani, kowa ya bi abin da ya natsu da shi. Iyayenmu mata kuma a ƙara haƙuri da mazajen da suka wuni suna wahala, a daina kawo zancen ɗaki cikin jama'a. Yara masu karatu muna alfahari da ku, amma a riƙa tauna magana a gaban manya. Na rufe zancen nan, mai sauran magana ya same ni ta gefe.