Shugabancin ƙungiyar ma'aikatan jinya ya zama gado?

Mai Aikin Dare: Salamu alaikum 'yan uwa. Yau kam sai na amayar da abin da ke cikina. An sake kafe sunayen masu zuwa horon shugabanci na ƙungiyarmu, kuma wallahi fuskokin bara ne, su ne na bara waccan. Shekara tara ana yankar kuɗin ƙungiya a albashina, ko bitar yini ɗaya ba a taɓa kirana ba. Sai a hau mumbari a ce ƙananan nas-nas ba sa son shugabanci. Ta ina za mu so abin da aka mayar gado?

Uwar Ɗaki: Wa alaikumus salam. 'Yata, ki janye kalmar gadon nan. Wa ya gaji kujera daga uwa ko uba a ƙungiyar nan? Zaɓe aka yi, akwati aka ajiye. Ke kina ina?

Mai Aikin Dare: Ina barci, Anti. Ƙarfe takwas na sauka daga duti, aka sa zaɓe ƙarfe goma.

Ɗan Sirinji: Ni da na ga "gado" na ɗauka na majinyaci ake nufi. Shi kam namu ne halak malak, babu mai ƙwace mana. Su kujera, mu bakin gado.

Uwar Ɗaki: Ba wasa muka zo yi ba, yaro.

Malamin Aji: Gado ai sai an mutu ake rabawa, kuma duk shugabanninmu da ransu. Abin da Sista take nufi ɗauki-ɗora ne. Shi horon ba laifinsa. Majalisar ma'aikatan jinya ta duniya, ICN, wadda aka kafa a 1899, tana gudanar da shirin horon shugabanci tun 1996. Ba a otal ake zama a karɓi satifiket a watse ba. Kowa sai ya ɗauki wata matsala a wurin aikinsa ya gyara ta ƙarƙashin mai yi masa jagora, sannan daga cikin waɗanda suka gama a fitar da masu horar da na baya.

Mai Aikin Dare: To Malam, namu da suka je bara wa suka horar?

Uwar Ɗaki: Ni dai har yanzu ba a janye kalmar ba.

Sabuwar Shiga: Anti ranki ya daɗe, idan matiron, wato shugabar nas-nas, ta yi ritaya ta ɗora wadda ta raina a ɗakinta, me sunan wannan?

Uwar Ɗaki: Sunansa tarbiyya. Mu haka aka raine mu, sai ka iya gyara zanin gado kafin ka buɗe baki a taro.

Ɗan Sirinji: Kun gani? Gadon ya dawo.

Malamin Aji: A bar maganar raino. A 2020, shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta keɓe wa nas-nas, an yi kira ga asibitoci kowanne ya horar da aƙalla mutum 20 'yan shekara 35 zuwa ƙasa, ana neman 20,000 a duniya. Matasa aka ce, ba masu jiran fansho ba.

Mai Aikin Dare: Lokacin ina cikin 'yan ƙasa da 35. Yanzu na haura, su kuwa suna nan daram.

Ungozoma Ce: Malam, gyara zancenka. Shekarar nas da ungozoma ce, ba ta nas kaɗai ba. Kullum sai kun haɗiye mu. A jerin nan ma ungozoma nawa kuka gani? Kuɗinmu dai ba a mantawa da shi ranar albashi.

Sabuwar Shiga: Yaya, ai ke ma takardar nas kika fara yi.

Ungozoma Ce: Ki karɓi haihuwa ƙarfe uku na dare, jini na zuba, likita bai ɗaga waya ba, sannan ki zo ki gaya min wace ce ni.

Ta Ɗakin Tiyata: Ku bar wannan. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce nas miliyan 27.9 ne a duniya, tara cikin goma mata. Amma ku dubi hoton shugabannin reshenmu, gemu ya fi ɗankwali yawa.

Ɗan Sirinji: Mu muka hana ku tsayawa takara? Ana cewa taron dare sai ku ce maigida bai yarda ba.

Ta Ɗakin Tiyata: Wa ya sa taron da dare?

Uwar Ɗaki: Florence Nightingale, uwar aikin jinya na zamani, ba ta je bita ba. Fitila ta ɗauka ta bi majinyata.

Malamin Aji: Hajiya, a yi haƙuri. 'Yar masu kuɗi ce, kuma Sidney Herbert, sakataren yaƙi na Ingila, abokin gidansu ne. Shi ya tura ta da nas 38 lokacin yaƙin Kirimiya a 1854. Ta yi aiki, babu musu, amma hanya ce ta kai ta.

Mai Aikin Dare: Ashe gadon tun daga tushe ne.

Uwar Ɗaki: Innalillahi! Yau har baiwar Allahn nan ba ku bari ba.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka. Abin da aka tattara: kowa ya yarda horon shugabanci yana da amfani, kamar yadda Malam ya bayyana. An tabbatar babu wanda ya gaji kujera, don haka kalmar gado ba ta dace ba, muna fatan mai ita za ta ba Anti haƙuri. Matasa su riƙa zuwa taro da zaɓe. Maganar ungozoma da ta mata a kai wa kwamiti.

Ungozoma Ce: Yallaɓai, ba sunanka ne na uku a jerin ba?

Shugaban Zaure: Na rufe zaure sai bayan na dawo daga bita ranar Litinin.