Tauraron gawayi ko tauraron garwashi?

Ƴan uwa, ku taya ni raba gardama. Akwai wani jinsin tauraro mai ja sosai, da faransanci ana ce masa étoile carbonée, da turanci carbon star, mu kuma a fadarmu nan Tawa kwana uku muna ja kan sunansa.

Abin ya taso ne daga hoton da na ɗauka bayan gari, na wani tauraro irin wannan mai suna R Leporis, wanda ke cikin rukunin taurarin da Turawa ke kira Zomo, kudu da Oriyon. Masanin taurari John Russell Hind ne ya fara lura da shi a Landan a 1845. A madubin hangen nesa ja wur yake, kamar ɗigon jini. Hotona na farko fari ya fito, domin na bar kyamara a buɗe har haske ya ƙone launin. Sai da na rage lokacin, na ɗan kauce wa saiti ya yi dishi-dishi, sannan jan ya zauna.

Yayana ya ce kawai a ce "jan tauraro". Na ce Yaya, ai wannan rigar ta yi masa yawa. Tauraron Antares da ke zuciyar rukunin Kunama ma ja ake ce masa, alhali kusa da wannan ruwan goro ne. Balle lokacin hunturu, da hazo ke rina duk tauraron da ya yi ƙasa.

Wani malamin kimiyya ya kawo "tauraron gawayi", kuma yana da hujja. A iskar da ke kewaye da waɗannan tsofaffin taurari, sinadarin kabon ya rinjayi oksijin. Bayan ya haɗe da oksijin ɗin kaf, ragowar kan zama hayaƙi da kunkunniya, su tare shuɗin haske, jan ya wuce. Masanin taurari Angelo Secchi ne ya ware su a matsayin jinsi na daban a shekarun 1860. Na ce Malam, gaskiyarka, amma yaron da ya ji "gawayi" baƙin abu zai hango.

Muna cikin haka mai dafa mana shayi ya fifita wuta, toka ta tashi, garwashi ya yi jajir. Nan na tsaya. Garwashi gawayi ne, kabon ɗin na nan, ga ja, ga zafin da bai kai na harshen wuta ba. Taurarin nan ma haka suke, zafinsu wajen digiri 3,000 ko ƙasa, rana kuwa ta haura 5,000. Har R Leporis kan dushe ya sake haskawa cikin wata 14 ko kusa, kuma lokacin da ya dushe ya fi ja, tamkar garwashin da toka ta fara rufewa.

Malam ya ce a littafi zai riƙe "gawayi". Ni dai ƙarƙashin hotona na rubuta "tauraron garwashi". Mutanen Yamai da Maraɗi, yaya ya faɗa a kunnenku?