Neman kalma: me za mu kira "précédent" da Hausa?

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum, malamai. Ranar Asabar zan gabatar da shiri a kan Joj Washinton, shugaban Amurka na farko, wanda ya yi mulki daga 1789 zuwa 1797, ya sauka bayan wa'adi biyu alhali babu dokar da ta hana shi neman na uku. Takardar da nake fassarawa ta kira wannan "précédent" da Faransanci, ni kuma na rasa kalmar da manomin Tibiri zai ji ya gane nan take.

Malamin tarihi: Ƙanena, ka ce "sunna", domin abu ne da na gaba ya yi, na baya suka bi.

Hajiya mai fassara: Malam, wannan kalma ta yi nauyi, masu saurare ba za su yarda a jingina ta ga ɗan siyasa ba. "Al'ada" kuwa sai an maimaita take tabbata, shi kuma sau ɗaya ya yi.

Tsohon ɗan jarida: Duk Larabci ne kuke kawowa. Shekara da shekaru ina cewa "sawun fari", amma da yake ba daga Kano ta fito ba, ba a ɗauke ta da daraja ba. Mu da muka gaji sarautar Katsina, wa zai koya mana Hausa?

Malamin tarihi: Alhaji, "shekara" dai ba aro ba ce, amma "daraja" da ka faɗa, da "jarida" da kake wa aiki, daga ina suka zo in ba daga Larabci ba?

Hajiya mai fassara: Mu koma kan batu. Sawu iska na share shi, wannan kuwa ya ɗaure magadansa har sai da aka zaɓi shugaba Franklin Rusbelt karo na uku a 1940, sannan a 1951 aka mayar da iyakar wa'adi biyu doka cikin kundin tsarin mulki. Abin da ƙafa ta shata tun kafin hukuma ta sa hannu, ai "turba" ce. Ka ce ya shata turba.

Mai shirin rediyo: Na gode, Hajiya. To, idan mugun abu ne, kamar juyin mulkin da ya kifar da Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, a 1974, wanda wasu suka biyo bayansa?

Hajiya mai fassara: Nan sai ka ce ya buɗe ƙofa, kalma ɗaya ba za ta ɗauki duka biyun ba.

Tsohon ɗan jarida: Ku yi turbarku ranar Asabar. Ni dai a rubutuna "sawun fari" zan ci gaba da sawa.