Wai zamanin sojan laima ya ƙare tun a Kirit?

Nura: Ni har gobe ina kan bakana. Riƙe sojojin laima da Jamus take yi a garuruwanta na Seedorf da Zweibrücken asarar kuɗi ce kawai. Maganar ta mutu tun ranar 20 ga Mayu 1941, da suka dira tsibirin Kirit na ƙasar Girka ana harbinsu suna lilo a sama. Sama da 3,000 suka mutu. Hitler da kansa bai sake yarda da babbar dira irin wannan ba.

Baba Garba: Nura, ɗana, ai sun ci tsibirin. Filin jirgin Maleme suka kama, daga nan jirage suka riƙa sauke ƙarin dakaru. Kuma Amurka da Ingila darasin da suka ɗauka daban ne, faɗaɗa nasu rundunonin suka yi, har suka dira Nomandi ta ƙasar Faransa a 1944.

Nura: Baba, da girmanka, wancan zamanin babu jirgi marar matuƙi.

Bilkisu: Yaya Nura, laimar ce ta tsone maka ido, ka manta da mutumin da ke ƙarƙashinta. Ina karatu a Khartoum lokacin da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Muna kwance a ƙasan gado, ruwan sha ya ƙare, muna jiran motocin da za su kai mu iyakar Masar. A kwanakin nan sojojin Jamus suka sauka a filin jirgin Wadi Seidna kusa da Khartoum suka kwashe mutum sama da 700. Ba wanda ya diro da laima, amma irin waɗannan dakarun ne ake tasa cikin dare su tafi. Haka suka yi a Kabul a 2021.

Nura: To kin ga kin taimake ni. A jirgi suka sauka, da ƙafa suka fito.

Malam Sani: Ni abin da ya dame ni daban ne. Kuna ta yabon Kirit, ba wanda ya ambaci Kondomari, wani ƙauye a tsibirin, inda sojojin laima suka jera mazan ƙauye suka harbe ranar 2 ga Yuni 1941, washegari suka ƙone ƙauyen Kandanos ƙurmus. Bisa umarnin kwamandansu, Janar Kurt Student, aka yi ramuwar nan.

Baba Garba: Gaskiyarka, Malam. Sai dai waɗancan ƙarƙashin sojan sama suke, na yanzu na sojan ƙasa ne, a rundunar da aka kafa a 1955. Dokarsu ta 2018 ma ta ce sojan Hitler ba abin gado ba ne.

Malam Sani: A takarda kenan, Baba. Sunan dai bai canza ba, har yau Fallschirmjäger ake ce musu da Jamusanci.