Dan Allah ya ake mayar da hafsan ko-ta-kwana ya zama sojan dindindin a Amurka?

Ummu_Sadiq:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin harkar soja ku taimaka min da bayani. Ƙanina ne yake sojan ƙasa na Amurka amma ɓangaren ko-ta-kwana, wato rizab, yana aikinsa na farar hula sai ƙarshen mako ɗaya a wata ya sa kaki ya tafi, sai kuma sati biyu na atisaye a shekara. Yanzu kyaftin ne, ya kai wajen shekara tara a ciki. Toh kwanan nan ya ce shi fa ya gaji da raba ƙafa, so yake ya ajiye aikin farar hular ya koma soja gaba ɗaya, matarsa kuma hankalinta ya ƙi kwanciya saboda wani ya ce mata sauke masa anini za a yi ya koma laftanar, wani ya ce sai ya sake horo tun daga farko, wani kuma ya ce shekarun da ya yi duk sun tafi a banza wajen fansho. Ni ce babba, ni suke jira in ce wani abu, ni kuma ba na son in yi magana da ka. Wai mene ne ƙa'idar? Kawai cike takarda ake yi ko akwai wani abu?

Tsohon_Kaki:

Wa alaikumus salam Hajiya. Maganar sauke anini da sake horo ki kwantar da hankalinta, wanda ya riga ya zama hafsa ya riga ya zama, ba a mayar da kyaftin makarantar ƙananan hafsoshi a tsarin Amurka. Amma kuma ba cike takarda ba ne kawai, sabon naɗi ne ake masa. A dokarsu hafsan rizab da hafsan dindindin takardar naɗinsu daban ce, jerin sunayen da ake duba wa ƙarin girma ma daban ne, dan haka idan zai tsallako sai an naɗa shi sabo. Daga ƙaramin laftanar zuwa kyaftin shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon naɗin, amma daga manjo zuwa kanar sai majalisar dattawa ta amince, kinga shi da yake kyaftin hanyarsa ta fi gajarta.

Sharuɗɗan da doka ta rubuta ba su da yawa, ya zama ɗan ƙasa, ya zama mai halin kirki, likitocin soja su ce lafiyarsa lau, sai kuma duk wani sharaɗin da rundunar ta ƙara da kanta. Maganar ɗan ƙasa ki tambaye shi da kyau, domin dokar naɗin rizab ta yarda da mai takardar zama na dindindin, ta dindindin kuwa ɗan ƙasa take nema. Da can akwai sharaɗin shekaru, sai mutum zai iya cika shekara 20 yana hafsa kafin ya kai 62, amma an cire wannan a dokar kasafin tsaro ta 2019, duk da har yanzu 62 ɗin ce shekarar ritayar dole ga hafsan da bai kai janar ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne guraben. Ba haƙƙinsa ba ne, roƙo ne yake yi, rundunar takan buɗe ƙofa ne idan tana da giɓi a wani fanni da wani muƙami, shekarar da ba ta da buƙata ko takardunsa sun fi na kowa kyau ba za a ɗauke shi ba. Kuma kafin komai sai rizab ɗin sun sake shi, akwai fom ɗin da ake kira DD 368 wanda shugabanninsa za su sa wa hannu, in suka ga suna da ƙarancin hafsoshi suna iya ƙin sa hannu, nan ne mutane da yawa suke maƙalewa tun ba a je ko'ina ba.

Ummu_Sadiq:

Na gode sosai yallaɓai, Allah ya saka da alheri. Ɗan ƙasa ne tun tuni. Toh maganar fanshon fa, dan gsky ita ce ta fi damun matar.

Mai_Lissafi:

Hajiya bari in shigo nan domin wanda ya ce shekarun sun tafi a banza bai faɗi daidai ba, amma kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, lissafi ne kala uku ake yi mutane suke cakuɗa su.

Wajen albashi, teburin albashinsu muƙami da yawan shekarun aiki yake dubawa kuma shekarun rizab suna shiga cif, dan haka zai ɗauki albashin kyaftin mai shekara tara tun ranar farko, wannan ba matsala.

Wajen cancantar ritaya ne abin yake da ciwo. Sojan dindindin in ya cika shekara 20 na aiki kullum yana ajiye kaki fansho ya fara shigowa ko da shekararsa 42 ne, amma shekara 20 ɗin kwanakin da ya yi a bakin aiki na cikakken lokaci ake ƙirgawa, ƙarshen makon nan na wata-wata ba ya ciki. Abin da zai shiga shi ne horon farko da ya yi, da sati biyun nan na shekara, da duk lokacin da aka kira shi aka tura shi wani wuri. Kenan in ba a taɓa tura ƙaninki ko'ina na tsawon lokaci ba, shekara taran nan tana iya komawa shekara ɗaya da wani abu, ya zama saura masa kusan shekara 18 ko 19 nan gaba. Kuma in yana son ya yi ritaya a matsayin hafsa dole 10 daga cikin 20 ɗin ya yi su yana hafsa, shi wannan ba zai dame shi ba.

Su rizab nasu tsarin na maki ne, ana ba da maki 15 a shekara na zama mamba, maki ɗaya kowane zaman horo wanda ƙarshen mako guda yakan ba da huɗu, maki ɗaya kowace ranar aiki, shekara ba ta ƙirguwa sai an samu 50, in aka tara shekara 20 masu kyau sai a jira mutum ya kai shekara 60 da haihuwa kafin kuɗi ya fara fita. Mutumin da bai yi komai ba sai abin da aka wajabta yakan samu maki saba'in da wani abu a shekara, maki 360 kuma shi ne shekara guda, ki lissafa da kanki ki ga shekara tara ba ta wuce shekara biyu ba. Makin nan ba ya ɓacewa in ya tsallaka, idan ya kai ga ritaya ana haɗa shi a lissafin yawan kuɗin, kashi 2.5 cikin ɗari na albashi kan kowace shekara a tsohon tsari, kashi 2 a sabon da ya fara Janairun 2018. Yana ƙara kuɗin, amma ba ya matso da ranar.

Ni shawarata ya ciro takardar makinsa ya zauna da biro kafin ya ajiye aikin da yake hannunsa.

Dan_Tarihi:

Ni wlh abin da yake min ciwo a wannan tsarin shi ne mutum ya ba da shekara tara na rayuwarsa, ana iya kiransa yaƙi kowane lokaci kamar kowa, an ga yadda aka yi ta kwasar 'yan rizab zuwa Iraƙi da Afganistan bayan 2001, amma ranar lissafi a ce masa shekara biyu ya yi. Kuma wannan wariyar tsohuwa ce. A 1935 da aka yi dokar Thomason, hafsoshin rizab har 1,000 ake ɗauka su yi shekara guda tare da sojan dindindin, a ƙarshe 50 kacal ake ba naɗin dindindin, sauran kowa ya kama gabansa. Shekaru da yawa 'yan West Point, wato makarantar horar da hafsoshin sojan ƙasa ta Amurka, suna fitowa da naɗin dindindin kai tsaye, waɗanda suka yi horon hafsa a jami'a kuma yawancinsu na rizab ake ba su sai waɗanda suka yi zarra, Colin Powell, janar ɗin da ya zama sakataren harkokin wajen Amurka daga baya, yana cikin waɗanda suka yi zarran a 1958 shi ya sa ya samu. Sai ka ga mutum biyu bariki ɗaya aiki ɗaya anini ɗaya amma takardar ɗaya ta fi ta ɗaya ƙarfi, da aka tashi rage sojoji bayan yaƙin Biyetnam masu takardar rizab aka fi sallama, wasu kyaftin-kyaftin sai da suka cire anini suka koma saje dan kawai su cika shekara 20 ɗin su samu fansho.

Majalisa ta yi ta juya abin, daga Oktoban 1996 aka ce kowa da kowa har 'yan West Point sai ya fara da naɗin rizab ya yi aƙalla shekara guda kafin ya nemi na dindindin, sai kuma aka soke wannan aka ce daga Mayun 2005 duk hafsan da ke jerin masu aiki kullum na dindindin ne. Wannan gyara ne mai kyau ban musa ba, amma wanda yake zuwa daga waje irin ƙanin Hajiya har yanzu a bayan layi yake tsayawa.

Tsohon_Kaki:

Malam Dan_Tarihi tarihin da ka kawo haka yake, amma ban yarda da kai ba a ce zalunci ne, kuma wannan ya kawo mu lissafi na uku da Mai_Lissafi bai ƙarasa ba, wato ranar da aka ɗaura maka anini, wadda da ita ake sanin wa ya riga wa. Ka ɗauki kyaftin da ya yi shekara tara kullum yana bariki, ya riƙe kamfani na sojoji sama da ɗari dare da rana, matsalar albashinsu da rikicin iyalansu da makaman da ya sa wa hannu duk a wuyansa, an canja masa wurin aiki sau uku, sai ka kawo wanda a shekara taran nan kwanakin da ya sa kaki ba su fi na shekara biyu ba ka ce su shiga gaban kwamiti ɗaya a rana ɗaya. Wa kake ganin za a zaɓa? Shi ɗan rizab ɗin ne zai sha ƙasa, kuma faɗuwar nan ba wasa ba ce, tun dokar DOPMA ta 1980, wadda ta tsara ƙarin girman hafsoshi, tsarin shi ne ko ka hau ko ka fita, kyaftin da kwamiti ya tsallake sau biyu wajen zama manjo sallamarsa ake yi sai in an zaɓe shi musamman ya ci gaba. Manjo ana sa ran samunsa wajen shekara 10, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari ake nufin ɗauka, laftanar kanar wajen shekara 16 kashi 70, kanar wajen 22 rabi da rabi.

Shi ya sa doka ta ba sakataren rundunar ikon ya gyara ranar aninin ɗan rizab ya mayar da shi bayan layi kaɗan gwargwadon ƙwarewarsa in ya shigo, kuma ana iya hana kwamiti duba shi har zuwa shekara guda bayan shigowarsa. Mutane suna jin haka su ce an danne su, ni kuwa a ganina gata aka yi musu, domin lokaci ne aka ba ka ka tara rahotannin shugabanni a sabon wurin kafin a auna ka. Hajiya ƙaninki da shekara tara yana dab da layin manjo, wannan ita ce tambayar da ya kamata ya fi matsawa a kanta, wace shekara za a sa shi, kuma ya gama kwas ɗin kyaftin na fanninsa ko bai gama ba, in ya taɓa riƙe kamfani a rizab ɗin ma ya tabbata yana cikin fayil ɗinsa.

Kuma ba Amurka kaɗai ke tauna tsakuwa a kan wannan ba, a Ingila kwas ɗin hafsan dindindin a makarantar hafsoshi ta Sandhurst sati arba'in da wani abu ne, na 'yan rizab kuwa sati 8 ne a dunƙule, dole duk rundunar da za ta haɗa su ta tsaya ta duba abin da kowa ya sani.

Dan_Tarihi:

Na ji hujjarka yallaɓai kuma ta kwamitin ƙarin girma na karɓa. Amma ta fansho har yanzu ina nan a kan bakata, gyaran da aka yi a 2008 na rage wata uku daga shekara 60 ɗin kan kowane kwana 90 da aka kira mutum aiki ya nuna su ma sun san akwai gyara, kuma ko shi ba ya sauka ƙasa da shekara 50.

Mai_Lissafi:

Akwai wata hanya ta tsakiya da ba wanda ya ambata, ana ce mata AGR, mutum yana nan a rizab ɗinsa da takardar naɗinsa amma aikin kullum yake yi da cikakken albashi, su ne masu riƙe ofisoshi da shirya horon sauran. Kwanakin nan duk suna ƙirguwa a shekara 20 ɗin, in ya cika fansho nan take kamar na dindindin, kuma ƙarin girmansa a jerin 'yan rizab ake duba shi, ba ya shiga gasa da waɗanda suka tashi a bariki. Ita ma gurabenta ƙalilan ne kuma ana iya canja masa gari, kar matar ta ɗauka zama wuri ɗaya ne.

Ummu_Sadiq:

Kai Allah ya biya ku duka. Na yi magana da shi yanzu, ya ce an taɓa tura shi waje na kusan shekara guda, kwas ɗin kyaftin kuma ya gama amma kamfani bai riƙe ba tukuna, wai layi ake bi. Ita AGR ɗin ya santa amma ya ce shi zuciyarsa tana kan na dindindin. Na ce masa ya ciro takardar makin kamar yadda kuka ce kuma kar ya rubuta takardar barin aiki sai ya ga sa hannu a fom ɗin sakin nan. Yallaɓai Tsohon_Kaki rashin riƙe kamfanin nan zai iya hana a ɗauke shi ne?

Tsohon_Kaki:

Hanawa kai tsaye ya danganta da sanarwar shekarar da fannin da yake, a fannin likitoci ko lauyoyi ba shi ake dubawa ba. Amma in fannin yaƙi yake ko makamancinsa toh gaban kwamitin manjo zai ji a jikinsa, domin kusan duk abokan gasarsa sun riƙe. In layin ya kusa zuwa kansa ni da zan ba shi shawara ya tsaya ya riƙe a rizab ɗin tukuna, ya samu rahoto mai kyau ko biyu, sannan ya shigar da takardunsa. Ki ce masa kuma ya nemi jami'in da ke kula da fanninsa a hedikwatar ma'aikata ya tambaye shi ƙarara wace shekara za a sa shi in ya shigo, kuma ya nemi amsar a rubuce.