Injin Corolla yana zafi, ruwan lagireto yana raguwa: ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman makanikai da direbobi.

Ina da Toyota Corolla ƙirar 2006. Tun shigowar bazara, da zarar na shiga cunkoso a cikin Kano sai allurar zafi ta haura rabi, amma a kan babban titi tana sauka. Ruwan robar da ke gefen lagireto kullum yana sauka ƙasa da layi, alhali ban ga ɗigo a inda take kwana ba. Na zaro sandar baƙin mai, bai koma kalar madara ba, salansa ma ba ta fitar da farin hayaƙi.

Na san ba a buɗe murfin lagireto da zafi, na ga yadda tururi ya saɓule wa wani direba fatar hannu. To, tsawon wane lokaci zan jira bayan na kashe mota? Kuma a robar zan ƙara ko a bakin lagireton? Wasu sun ce a bar injin yana aiki lokacin zubawa don iska ta fita, wasu sun hana.

Jan kulant (ruwan sanyaya inji) ne a ciki, mai shago ya ba ni kore. Ana haɗa su? Idan hanya ta kama, ruwan leda zai wadatar?

Makanikena ya ce a cire tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya yi zafi) a haɗa fanka kai tsaye. Raina bai kwanta ba, don hakan bai nuna mini inda ruwan yake zuwa ba. Don Allah me zan fara sa a duba, murfin, fanka, ko gasket (shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa)? Na gode.