Tambaya kan haruffan Bodoni da Didot: me ya sa suke dusashewa idan an ƙanƙanta su?

Mai Tsara Shafi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Sana'ata tsara mujallu da katunan gayyata ce, kuma kwanakin baya na yi wata 'yar mujalla da salon haruffan da ake kira Bodoni saboda yadda ya burge ni a fuskar kwamfuta. Da aka buga, kanun labarai sun fito tsaf, amma a cikin gundarin rubutun siraran layukan sun kusa ɓacewa, har karatu ya zama wahala ga ido. Ina roƙon masana su bayyana mini asalin waɗannan haruffa, da dalilin da ya sa ake ce musu na zamani alhali na ji an ce sun daɗe.

Tsohon Maɗaba'i ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, zamanin da ake nufi ya wuce shekara 200. An ba su wannan suna ne domin a bambanta su da tsofaffin haruffa irin na Garamond, waɗanda suka kwaikwayi rubutun alƙalami mai faɗin baki. Duk wanda ya riƙe alƙalamin kara ya san cewa karkatar bakinsa ce ke kawo kauri da siranta, shi ya sa kaurin tsohon harafin o yake a ɗan jirkice. Sababbin kuwa sun miƙar da komai: layin tsaye mai kauri ƙwarai, layin kwance kamar silin gashi, ƙafafun haruffa sirara a shimfiɗe ba tare da lanƙwasar da ke haɗa su da jiki ba, sannan a, c, f da r suna ƙarewa da ɗigo mulmulalle.

Mutum biyu ake jingina wa aikin. Firmin Didot, wanda aka haifa a 1764, ya sassaƙa nasa a Paris tun yana saurayi, yayansa Pierre kuma ya riƙa buga manyan littattafai da su. Giambattista Bodoni kuwa ya shugabanci maɗaba'ar sarkin Parma a Italiya daga 1768, ya rasu a 1813, kuma matarsa ce ta fitar da babban kundin samfuran haruffansa cikin juzu'i biyu a 1818, wanda har haruffan Larabci akwai a ciki, domin ya koyi aiki a wata maɗaba'ar coci a birnin Rum mai buga harsunan gabas. Dukansu sun ci gajiyar John Baskerville na Birmingham a Ingila, wanda tun 1757 ya nuna abin da takarda mai sulɓi da baƙar tawada za su iya fitarwa. Sunan Didone da ake kiran dangin gaba ɗaya da shi, haɗin sunayen mutanen biyu ne da wani masanin haruffa Bafaranshe, Maximilien Vox, ya yi a 1954.

Hajiya Mai Zane ta amsa:

Baba ya gama magana kan tarihi, sai dai ina ganin laifin da ɗan'uwa ya gani ba na Bodoni ba ne. A zamanin da ake buga rubutu da haruffan dalma, kowane girma da hannu ake sassaƙa shi daban, kuma na ƙananan rubutu akan ƙara wa siraran layukansa kauri, a buɗa tsakanin haruffa. Yawancin abin da ke cikin kwamfutocinmu zane ɗaya ne da aka yi domin manyan kanu, sai mu matse shi zuwa girma 10, mu buga a takarda mai shan tawada, sannan mu yi mamaki. Shi ya sa Bodoni ɗin da kamfanin haruffa na ITC ya fitar a 1994 ya zo iri uku, na girma 6 da 12 da 72. Haka kuma ba banza mujallun ado irin su Vogue da Harper's Bazaar suka riƙe wannan salo a sunayensu ba, domin a can harafin ƙato ne, takardar kuma mai sheƙi. Shawarata ita ce ka bar shi a kanu, kada kuma ka kuskura ka sa shi fari a kan baƙi yana ƙarami, don tawada za ta cinye siraran layukan.

Ɗalibin Lissafi ya amsa:

Hajiya, ina da ɗan ja a kan cewa kanu kaɗai ya dace da su. Kusan duk ƙarni na 19 da irinsu aka riƙa buga littattafai da jaridu a Turai, kuma haruffan Computer Modern da Donald Knuth ya tsara, waɗanda muke karanta takardun lissafi da su kullum, daga wannan dangi suke. Abin da ya fi damuna shi ne ƙ da ɗ da ɓ, domin da yawa daga cikin waɗannan salo ba su da su, sai kwamfuta ta aro su daga wani salo, kalmar ta fito rabi da rabi.

Mai Tsara Shafi ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah Ya ƙara sani. Na koma na duba mujallar, kuma lallai duk ƙ da ɗ da ke cikinta na aro ne, ban lura ba sai yanzu. Idan akwai wanda ya gwada wani Bodoni ko Didot mai ɗauke da haruffanmu masu ƙugiya, ina roƙon ya ambata mini sunansa kafin fitowa ta gaba.